Tsakuwa a Injin Ajidan

Zuwa ga ƙanena Mamman a Abijan,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar aiki? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Konni lafiya lau, ya zuwa yau dai.

Ɗanyen kafen da ka aiko, ƙwayar gahawar nan, ya iso, na gode. Matata Rabi ta ce in bari ta tsince shi kamar wake. Na ce, "Ke, kafe ba wake ba ne, ni na karanta." Na soya abina a kasko, ashe tsakuwa ma ta yi baƙi tare da ƙwayar. Na aro ɗan injin niƙa na maƙwabcinmu, Ajidan, babban jami'in jandarman nan, wanda ya sayo a Faransa. A juyi na uku na ji ƙaras! Haƙoran injin biyu suka faɗo.

Na kai wa maƙeri ya duba, ya miƙo mini, wai ba ya gyaruwa. Ajidan kuwa ka san shi: akuyar da ta ci shukarsa, mai ita sai da ya kwana biyu a tsare. Yana rangadi a Illela, Alhamis zai dawo. Jiya ya aiko in ajiye masa kofin farko.

In ka ga irin injin, ka aiko, ko da yake Alhamis ta fi mota sauri. Ka sa ni a addu'a. Gai da Kawu Idi.

Yayanka,
Sani