Na ce na bincika yanayin garin, alhali ban bincika ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya, na shiga ɗaki na fito, abinci ma sai dai na tattaɓa.

Ni mazaunin unguwar Ɗan Iya ne a Bauchi, shekara shida ina bin wani darakta a harkar fim, zan kira shi Oga. Daga riƙe fitila na fara. Bana ya samu mai ɗaukar nauyin wani fim da rabinsa za a yi a Zanzibar, a bakin teku, sai ya ce ni zan tsara tafiyar gaba ɗaya, mutum goma sha ɗaya. Wallahi na yi aiki, fasfo, katin rigakafi, takardar izinin ɗauka, masauki, batura, har kan soket ɗinsu na tambaya, na sa aka daka mana yaji da kuka. Da aka zo sa rana na ce Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, tunda lokacin a Bauchi rana kamar ta fasa kai, a tunanina ko'ina haka take.

A wajen mitin mai kyamararmu ya tambaya ko na bincika yanayin garin, don labarin duk na rana ne, faɗuwarta a kan ruwa ma ita ce ƙarshen fim ɗin. Da ma ba ma shiri, shi ya so a ba wa aikin. Raina ya ɓaci, na ce na bincika, har na ƙara da cewa ya tsaya a kan kyamararsa. Muka yi cacar baki, Oga ya tsawatar masa, ya ce idan ni na faɗa masa magana shi ba ya waiwaye. Ashe baki shi ke yanka wuya.

Shekaranjiya ɗan ƙasar da zai yi mana jagora ya turo saƙo, wai mun tanadi ledojin rufe kayan aiki kuwa, don Afrilu ne tsakiyar daminarsu, ruwa kan wuni yana zuba, tekun ma ya yi duhu. Ya ɗauka da gangan muka zaɓa. Na duba a waya, abin da minti biyu ya isa na gani tun farko, haka ne.

Yanzu takardar izini ta fito da wannan ranar. Jarumar fim ɗin ma'aikaciyar jinya ce, da kyar ta samu hutun kwana goma, mijinta soja ne a barikin Shadawanka, sai da Oga ya taka da kansa kafin ya amince. Tikiti ne kawai ba a yanka ba, jibi za a yanka. Idan na yi magana komai ya warware, ga ƙaryar da na yi a gaban kowa, mai kyamara kuwa sai ya yi shekara yana ba da labarina. Matata ta ce na je na faɗa kawai, muka yi faɗa na ce ba ta san harkar ba, amma raina ya san gaskiyarta.

Wata zuciyar tana cewa na yi shiru mu tafi, wataƙila a samu rana biyu ko uku. Abin da ke ci na shi ne na san halin Oga, idan ruwa ya tsare mu a masauki ba zai zarge ni ba, cewa zai yi ƙaddara ce, har ya dafa kafaɗata ya ba ni haƙuri a kan wahalar da na sha. Na faɗa masa kafin jibi, ko na bari ya ba ni wannan haƙurin? Ku taimaka min.