Umma, Gobe Zan Sake Jarrabawar Zafin Iska

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan Allah Ya haskaka makwancinki.

Umma, gobe ne. Darasin nan na zafin iska da na faɗi bara, wanda na rubuta ana tsakiyar zaman makokinki, shi zan sake. In na kuma faɗuwa, sashen kimiyyar da kika dage in shiga zai sallame ni. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Kullum sai in hau adaidaita daga Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, gidan su ƙawata Rabi, mu yi ta haddar lissafi kamar aku. Yau da hantsi abin ya buɗe mini, har na ajiye biro.

Ashe idan aka kulle iska a tukunyar da ba ta motsi, zafi kaɗan ya isa ya ɗumama ta. In kuwa an bar ta tana ɗaga murfi, sai ta nemi ƙari, domin wani zafin ya tafi wajen turawa. Nan take na gan ki a tsakar gida kina liƙe bakin madambaci da tsumma, kina hararata kina cewa, “Ke, toshe nan, wutata ba ta banza ba ce.” Ni kuwa lokacin dambun kawai nake jira.

Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne wannan ƙarin. Iskar da muke shaƙa, da wadda muke fitarwa, da wadda ake hura balan-balan da ita, in dai yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne, ƙarin da suke nema kusan ɗaya ne. Abin da ido bai taɓa gani ba, Umma, amma an yi masa ma'auni tun kafin a halicci mai aunawa. Subhanallah! Rabi sai da ta taɓa ni ta ji ko lafiya.

Da kina nan da na zauna na yi miki wannan bayani, ki ce in bar cika miki kunne in miƙo ludayi. Sannan ki karɓi birona ki tofa masa addu'a, yadda kika saba tun ina firamare. Bara da biron da ba a tofa ba na shiga.

Ɗazu bayan la'asar Baba ya tsaya a ƙofar ɗakina yana ta gyaran murya. Kin san shi da nauyin baki. Can ya miƙo hannu ya ce, “Ina biron?” Ashe duk shekarun nan yana kallonku, ke da biron. Ya daɗe yana addu'a, ya tofa masa, ya ba ni ya fita da sauri.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa fuskokinmu. An tofa, Umma. Zan shiga.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa