Takardar da Baba Ahmudu Ya Kawo In Karanta Masa

Saƙo daga wani ɗan'uwa a wannan zaure. Ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'a. A ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa zama ajina zai gane ni daga tsawon zance. Don Allah ku ba ni shawara.

Na daɗe da yarda cewa in aka ɗauki tarihin ɗan Adam kaf aka tace, aka zubar da sarakuna da yaƙe-yaƙensu, abu ɗaya ne zai kwanta a gindin ƙwarya: yadda za a fito da ruwa daga rami ba tare da guga ya koma ba. Duk wata daula da kuka karanta a lakwal, a bakin rijiya ta fara, a bakin rijiya ta ƙare. To wannan babbar matsala, wadda ta sha kan magabata, takardar hukuma mai hatimi biyu ta tabbatar cewa mijin ƙanwata ne ya warware ta. Mutumin da ko butar alwala sai an cika masa.

Ni malamin lakwal ne, mushe kamar yadda ake kiranmu a nan, na yi retraite na ajiye aiki, ina zaune unguwar Dagmanet a Agadez. Lissafi da zane na koyar shekara talatin da ɗoriya. Aikina na fari Timia aka tura ni, cikin duwatsun Ayar, ina saurayi, ban san kowa ba, harshen mutanen wurin ban iya komai ba sai "ruwa" da "na gode". Wanda ya riƙe ni wani maƙeri ne, zan kira shi Baba Ahmudu, ba sunansa ba ne. Shekara huɗu ina cin abincin gidansa. Ranar da kunama ta harbe ni, shi ya goya ni har wurin magani yana yi mani dariya, wai mai ilimi ya sa takalmi bai kakkaɓe ba. Tun daga lokacin, in ya shigo Agadez gidana yake sauka, ba ya neman izini, ni ma ban taɓa tunanin ya nema ba.

Waɗanda suka san garake, wato lambuna, na Ayar sun san yadda ake ban-ruwa a can tun dā: katako a bakin rijiya, puli mai juyawa a sama, igiya a kansa, babban gugan fata, raƙumi yana tafiya yana dawowa. Matsalar ita ce in raƙumi ya tsaya ko ya firgita guga na tsakiyar rijiya, nauyin ruwan sai ya fizgi igiya baya, ta kwashe fatar hannun mai kora, wani lokaci ta gurɗe dabbar. Baba Ahmudu ya ƙera wani ɗan harshe na ƙarfe, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, yana faɗawa cikin haƙoran da ya sassaƙa a gefen pulin. Guga na hawa, harshen na tsalle yana ƙas-ƙas. Guga ya ce zai koma, harshen ya cije. Iyakarta ke nan. Bai taɓa sa masa suna ba, "abin nan" yake ce masa, kuma duk kwarin Timia da shi ake aiki tun kafin a haifi ƴaƴana.

Yanzu ga mijin ƙanwata, zan ce masa Alhaji kawai, don shi ma sunan da ya fi so ke nan kafin ya samu wani. Kayan gyaran mota da moto yake sayarwa, yana da rufin asiri, ba na ƙin gaskiya. Amma irin mutanen nan ne da in suka ji kalma sabuwa a radiyo da safe, kafin azahar sun koya wa mutum uku ma'anarta, ba daidai ba. Brevet na lakwal sau biyu ya zauna, sau biyu jarrabawar ta ba shi haƙuri. Shekarun baya na kai shi Timia sayen lemu da rumman, muka sauka wurin Baba, ya ga harshen nan a wata rijiya, ya tsuguna yana kallo kamar ya ga watan sallah. Baba da ya ga baƙo ya yaba abu, sai ya shiga maƙera ya ɗauko guda ya ba shi kyauta, har da cuku a kai.

Bayan wata biyu Alhaji ya dawo daga wata baje-koli a Yamai, inda wani ya faɗa masa akwai takarda da ake kira brevet d'invention, wadda in ka samu, abin da ka ƙirƙiro ya zama naka, ba mai ƙera shi sai da yardarka. Ya zo gidana da harshen a naɗe cikin jarida, ya ce, "Mushe, duk garin nan wa ke da faransancinka? Wa ke da hannunka a zane?" Nan ne wurin da ya kamata in kore shi. Ban kore shi ba. Ku fahimce ni, tun da na bar aji ba wanda ya nemi faransancina sai masu son a karanta musu takardar asibiti. Na ɗauko kayan zanena, regil da kompa, daga ƙasan akwati, na share musu ƙura, na zauna kwana tara. Na zana abin ta gaba, ta gefe, ta sama, na sa wa kowane sashe lamba, na rubuta bayani shafi shida da irin faransancin da ko masu harshen sun daina yi. Na raɗa masa suna mai kalma goma sha ɗaya. A takardar cikewa akwai inda aka tambaya ko an taɓa ganin abin a wani wuri, domin dokar ba ta ba da brevet ga abin da jama'a suka riga suka sani, kuma na san haka sarai. Na rubuta "non", wato a'a, da kyakkyawan rubutu.

Akwai kuma wani abu da na yi. Harshen da Baba ya ba shi a karkace yake, bakinsa ya lanƙwashe gefe ɗaya kamar ƙahon akuya. Na dube shi da idon malamin zane, na ce wannan aikin wanda bai shiga aji ba ne, bai san kusurwa ba. Na sa regil na miƙar da shi a takarda. Har na ji daɗin kaina.

Takarda ta fito bayan dogon jira. Jama'a, ban taɓa ganin gilashi ya sha shafa kamar wanda aka rufe takardar nan da shi ba. Ya rataye ta a shago sama da kalandar sallah. Ya sa an sake fentin allon ƙofa, an ƙara "Inventeur", wato mai ƙirƙira, a ƙasan sunansa, haruffan sun fi na sunan mahaifinsa girma. A fada, inda muke shan shayi da la'asar, ya fara buɗe magana da "mu masu bincike". Ya ce tunanin ya zo masa ne a Makka. Wani abokinmu direban kamyo ya tambaye shi zurfin rijiyar da ya gwada abin, sai ya ce masa kimiyya ba ta buƙatar rijiya. Na sunkuyar da kai na hura shayina, wanda ya riga ya huce.

Daga nan ya kai zanena wurin masu sudir, wato masu walda, na bakin kasuwa, suka yi masa guda arba'in, sumul-sumul, a miƙe kamar layin ƴan lakwal, ya sa aka shafa musu koren fenti. Aka kai na farko garkar wani amininsa a bayan gari, aka tara mutane, aka aro raƙumi. Guga ya hau rabi, aka tsayar da raƙumi, harshen ya zame kamar an shafa masa mai, guga ya koma ƙasa da ƙara, igiya ta tafi da hular Alhaji. Aka gwada na biyu, shi kuma ya cije ya ƙi saki, sai da aka sa guduma. Ranar mun yi faɗa sosai. Ya ce na lalata masa ƙirƙira, na ce masa a nuna mani ranar da ya ƙirƙira, ya ce ni ɗan baƙin ciki ne mai ilimin da bai saya mani ko keke ba, na ce masa gara keken da babu da hular da ke cikin rijiya. Ƙanwata ce ta raba mu.

Kuna tsammanin wannan zai sa ya yi sanyi. Ina! Wani aboka, wato lauya, da yake sayen kaya a shagonsa ya gaya masa brevet da ba a tsare shi ba kamar garka ce ba shinge. Sai ya yanke shawarar aika wa duk maƙera da masu sudir na yankin takardar gargaɗi: duk wanda ya ƙera wannan abu ba da izinin mai shi ba, zai amsa a gaban shari'a. An haɗa da hoton zanen da hatimin shagonsa. Wa ya rubuta takardar? Kun riga kun sani. Mun shirya ke nan bayan faɗa, ƙanwata ta aiko da tuwo, ban so in sake tada magana ba. Na gaya wa kaina takarda ce kawai, kuma maƙeran daji wa zai kai musu.

Direban da ke ɗauko albasa ya kai musu.

Jiya da la'asar ina zaune ƙofar gida sai ga Baba Ahmudu ya sauko daga bayan mota, ya tsufa ƙwarai, rawaninsa ya fi shi nauyi, yana jan wata jakar fata. Bayan gaisuwa da ruwa da shayi uku, ya ciro takardar daga aljihun ƙirji, a naɗe cikin ƙyalle kamar laya. Ya ce a Timia akwai masu karatu, amma takarda mai hatimi ba a ba kowa, ya ce yana da ɗa mushe a birni. Ya buɗe ta a juye, ya juya ta daidai da ya ga zanen, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Mushe, wannan kamar abin nan nawa ne, amma wanda ya zana shi bai taɓa jan ruwa ba." Na ce me ya gani. Ya yi dariyar nan tasa ta ranar kunama, ya ce ai lanƙwasar ita ce abin, sauran ƙarfe ne kawai. Kuma ba lanƙwasa ɗaya ba ce. Sai ya je bakin rijiyar, ya leƙa zurfinta, ya ɗaga gugan ya ji, ya zauna ya kalli tafiyar raƙumin gidan, mai sauri ne ko mai jan ƙafa, sannan ya koma wuta ya lanƙwasa daidai da su. In an sauya raƙumi, a kawo masa harshen ya sake taɓawa. Shekara da shekaru bai yi biyu iri ɗaya ba. Ni na zana ɗaya, na miƙar da shi, na sa masa lamba.

Ya miƙo mani ya ce in karanta. Ni da na yi shekara talatin ina hukunta yara kan ƙarya, na shafa aljihu na ce tabarauna yana wurin gyara, sai jibi. Tabarau yana cikin aljihun da na shafa.

Ba a jima ba labari ya kai wa Alhaji cewa tsohon yana gari. Ya kira ni a waya, ba don kunya ba, kada ku yi masa wannan zaton. Cewa ya yi Allah ne ya kawo shi, in ja shi da hira in gano sirrin lanƙwasar, tsoho ne, yana son a saurare shi, in ya so mu gyara guda arba'in ɗin. Na tambaye shi takardar fa, ya ce in faɗa masa gaisuwa ce daga hukuma. Bayansa ƙanwata ta kira, ba ta ce komai a kan gaskiya ko ƙarya ba, ta ce, "Yaya, ko mene ne, uban ƴaƴana ne, kada ka mai da shi abin dariya a kasuwa." Ban gaya mata cewa wannan aikin shi da kansa ya riga ni gamawa ba.

To ga inda nake. In na karanta masa abin da ke rubuce, zan gaya wa mutumin da ya goya ni a bayansa cewa an hana shi ƙera abin da ya fito daga hannunsa, kuma zai tambayi wa ya rubuta, don bai taɓa jin magana bai tambayi mai ita ba. In na ce gaisuwa ce, zai mayar da ita cikin ƙyalle ya koma yana nuna wa mutane, har ranar da wani jikansa ɗan lakwal zai karanta masa, ya gane abin da ɗansa mushe ya yi masa sau biyu. Ina iya rubuta wa ofishin da ya ba da brevet in ce abin ya daɗe a duniya, su soke, amma "non" ɗin nan rubutuna ne, kuma gidan ƙanwata ba zan sake shiga da sallama a amsa ba. Na yi tunanin in tilasta wa Alhaji ya sa sunan Baba a takardar, sai na tuna abin da ke cikin takardar ba na Baba ba ne, nawa ne, kuma ba ya aiki. Sa sunansa a kai ƙarin zagi ne.

Masu cewa in yi istigfari, na fara tun jiya, ku kawo wata. Masu zagi kuma ku yi layi a bayana. Abin da nake tambaya shi ne, gobe in an sha shayin safe ya sake ciro ƙyallen nan, me zan ce masa? In karanta duka? In fara da nawa laifin ko da na Alhaji? Don Allah ku ba ni shawara kafin in sa tabarau.

Jakar fatar da Baba ya zo da ita, na ɗaga zan kai masa ɗaki na ji nauyi. Guduma ce da awartaki. Yana zaton takardar kiran aiki ce, don ya ce shekara uku ke nan ba wanda ya sa shi ƙera ko guda. Duk garaken sun sa pompo mai aiki da hasken rana.