Direban Babban Baƙo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aikin asibiti?

Yaya, ina cikin damuwa. An zaɓe ni in shiga muhawarar makarantarmu. Da aka yi ƙuri'a, ni aka ba ɓangaren da zai ce albashin 'yan siyasa ya yi yawa idan aka kwatanta da na sauran ma'aikata. Na shirya sosai, har na sa misalinki, yadda kike wuni tsaye kan marasa lafiya da takalmin da ya sha ɗinki.

Sai jiya malamarmu ta faɗi babban baƙo. Ɗan majalisar da Baba yake tuƙawa ne, kuma Baba ne zai kawo shi.

Don Allah kada ki gaya wa Baba. Yaya zan yi?

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Gaisuwarki ta iso. Ke da ba kya iya haɗa ido da mai shago, ke ce za ki kwance wa Yallaɓai zani a kasuwa? Ki ce maƙogwaronki na ciwo. Kin manta mai gadinsa? Dariya kawai ya yi inda bai kamata ba, aka sallame shi. Baba ya tsufa, wa zai ba shi wata mota? Maganin Mama ma daga aikin nan yake fitowa. Gaskiya ba ta ruɓewa, ki ajiye ta.

Kuma ki cire takalmina daga zancenki!

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini. Na je ofishin malama zan ce ba ni da lafiya, bakina ya ƙi. Na hau dandamali, na faɗi komai. Ni na ci.

Da Yallaɓai ya miƙo mini kofin, bai sake shi ba sai da ya tambayi 'yar wane ce ni. Na faɗa masa.

Ta taga na hango Baba a jikin mota, daidai ƙarƙashin lasifika, yana ta goge gilashin da ba shi da datti. Bai ɗago ba. Na kasa cin abinci tun ranar.

Auta

'Yata Auta,

Allah ya yi miki albarka. Na mayar da Yallaɓai gida. Washegari ya aiko aka karɓi makullin mota.

Yayarki ta gaya mini, ki ci abinci. Na ji ki tun daga farko har ƙarshe. Kin yi sauri da yawa, nan gaba ki riƙa jan numfashi.

Babanki