Ramuwar Azumin Yagana

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025
Yagana ta gama Sitta Shawwal, yau kuma ta ce ramuwa ta ɗauka. Cikin zafin nan na Maiduguri. Matan layinmu sai yabo: “Hajara, kin haifi 'yar aljanna.” Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 19 ga Afrilu
Phebe, nas ɗin nan da ke haya a jikin gidanmu, ta tare ni a bakin famfo. Wai da me Yagana take buɗe baki? Ina ruwan biri da gada? Ita da ba ta azumi. Ban yarda da matar nan ba, ido gare ta.

Laraba, 23 ga Afrilu
Na sa ido da magariba. A tire ɗaya suke ci da ƙannenta. Hannunta na kaiwa da komowa, amma burabuskon gabansu take tura shi. Zanen sallarta har ya zagaye ta ya yi saura.

Juma'a, 2 ga Mayu
Phebe kuma. Murya ƙasa-ƙasa: “Maman Yagana, yaushe rabonta da fashin salla?” Na yi mata kallon banza na wuce.
Ina wanke-wanke abin ya dawo mini. Duk watan azumi ba ta sha ko ɗaya ba, tare muka yi ta asham. To ramuwar me take yi?
Ko dai ciki gare ta? Wane ɗan iskan ne? Mai shagon caji? Malamin lesin?

Talata, 6 ga Mayu
Ba ciki ba ne. Ni na ja ta asibiti, kuma Phebe muka tarar a bakin aiki. Ta ce idan yunwa ta daɗe, jiki kan tsayar da al'ada. Wai ƙin cin abincin nan ciwo ne, yana yawa a 'yan mata yanzu, yana iya taɓa zuciya. Ta kai mu wurin likita, ta ce kar in yi faɗa.
A Keke Napep Yagana ta ce, “Mama, a makaranta buhu suke kirana. In na ce azumi nake, ba mai ce mini ci.”
Ni ma ban taɓa ce mata ba.

Litinin, 12 ga Mayu
Phebe ta ce a ware mata kwanonta, in zauna kusa, in rufe bakina. Iyayi dai. Yagana ta sha rabin kofin kunun gyaɗa da azahar, tana kuka.
Maƙwabciya ta leƙo, wai malamarmu na azumin Litinin? Na ce a'a, ta ci abinci.
Kunun da ya rage na aika wa Phebe. Don kar ya lalace ne.