Gaisuwar da Ta Ci Lasisin Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sanda tana faɗa da jikoki, yadda ka san ta.

Na zaɓi takarda ne don ko ganin waya ba na so yanzu. Ka gaya wa Inna wai Auta ya yi girman kai, ya kashe maka waya kana tsakiyar magana. To, bari ka ji yadda aka kashe ta. Ranar yana tuƙa motar kamfanin da yake kai wa kaya, ga dokar nan da aka tsananta, direba ya taɓa waya ko a danja yake tsaye ya yi laifi. Ya ƙyale kiranka na farko, ka sake, ka kuma sakewa. Kai ka raine shi bayan rasuwar Baba, kai ka koya masa cewa ba a barin kiran na gaba ya katse. Sai ya ɗauka. Ka kuma san Auta, ko a waya zai gaishe ka sai ya rusuna kamar kana gabansa. Kansa na ƙasa yana tambayarka ya gajiya, motar gaba ta tsaya, ya daki bayanta, wayar ta faɗa ƙarƙashin kujera. Girman kan ke nan.

Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai dai a kan idon ɗan sanda aka yi. An ci shi tara, an karɓe lasisin, manaja ya karɓi makullinsa. Da alƙali ya tambaye shi wane kira ne ya fi ran mutane, cewa ya yi laifinsa ne shi kaɗai. Ni da ke bencin baya na san kiran: so kake ka ji ko tela ya gama ɗinkinka. Raina ya ɓaci, Yaya, har yau ban huce ba. Doka ba ta zalunce shi ba, da yaro ne a gaban motar da yanzu wani zance ake. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Matarsa ta kusa haihuwa, shi kuma bai san wata sana'a ba sai sitiyari. Ya roƙe ni kada in faɗa maka, don kada hankalinka ya tashi. Har cewa ya yi in ba ka haƙuri a kan katsewar wayar. Ga shi na isar.

Ka gai da Anti da yara, da Kawu in kun haɗu. Inna tana gaishe ka, Auta ma haka. Ka kira shi duk lokacin da ka ga dama, yana gida, zai ɗauka.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu