Ba a Amsa wa Mai Fitila

Asabar, 3 ga Mayu

Yau an kashe min miji a gaban idona, ina zaune ina cin gugguru. Mun je sinima mu uku, ni da shi da Auta, kallon kashi na uku na Birnin Gadoji. Shi ne Mai Fitila, tsohon nan mai kunna fitilun gada. Ba ɗan fim ba ne fa, mai aski ne. Shekarun baya darakta ya shiga shagonsa, surutun Baban Auta ya cika masa kunne, sai ya ce ga mutumin da nake nema. A kashi na ɗaya da na biyu mutane sun so shi kamar su haɗiye shi. Yau kibiya ta same shi a ƙirji, ya faɗi kan gada, fitilar ta mutu.

Zauren ya rikice da kuka. Wata a bayana har da shessheƙa. Mamacin kuwa yana gefena yana zungurina: "Malama, kin ga faɗuwa? Gwiwata har yau ba ta yafe min ba." Na ce ya rufa mana baki, gawa ba ta surutu.

Da muka fito ba wanda ya nemi hoto da shi. A da sai mun yi da gaske muke kaiwa ƙofa. Yau hanya suka buɗe mana, kowa kai a sunkuye. Ya ce girma ne ya zo. Har wani taku ya canza.

Litinin, 5 ga Mayu

Auta ta yi min bayani, ita da ta haddace littattafan da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsu fiye da karatun makaranta. Wai a littafin, wanda ya mutu ba ya sanin ya mutu. Sai ya ci gaba da yawo cikin mutane, yana gaisuwa, yana tambaya. Duk wanda ya amsa masa ya ɗaure shi a nan, ba zai iya haye gada ba. Saboda haka masu ƙaunarsa su ne ke fara kawar da kai. To masoya fim ɗin sun haɗa baki a waya, wai za su raka Mai Fitila har kashi na huɗu ya fito: ba mai kallonsa, ba mai amsa masa, sai dai a ajiye masa guntun kyandir a ƙofa.

Na ce ku dai ba ku da aikin yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Shago ya cika har waje. Ya dawo yana ba ni labari yana dariya har da riƙe ciki. Mutum zai shigo, ya nuna hoton irin askin da yake so a bango, ya zauna, ya rufe ido. Baban Auta ya yi ta zuba, labarin ƙwallo, labarin tsadar kaya, ba ko uhm. In an gama, mutum ya ajiye kuɗi a tebur ya fita.

"Malama, yau na yi wa gumaka aski."

Shi da ko kujera ya samu sai ya ba ta labari. Bari mu ga inda za a kai.

Lahadi, 11 ga Mayu

Guntayen kyandir sun iso ƙofar gida. Na share na zuba a shara.

Talata, 13 ga Mayu

Abin ya shigo makarantarmu. Lokacin tara na hango 'yan ajina sun yi da'ira, sun sa ɗaya a tsakiya yana bi yana gaishe su, kowa ya gaisar sai ya juya masa ƙeya. Da farko yana dariya. Can sai ya fara jan rigunansu. Ko da na isa kuka yake da majina, kuma ba wanda ya motsa. Na kora su aji, na yi faɗa har muryata ta dushe.

Ina goge allo wata 'yar ƙarama mai gilashi ta matso. "Malama, ke har yanzu kina amsa masa?"

Ba tsiwa a muryarta. Tausayi ne. 

Juma'a, 16 ga Mayu

Na aike shi sayo burodi ya dawo hannu wofi. Ya ce ya tsaya gaban mai kanti ya yi magana ya sake, aka sallami wanda ke bayansa, aka sallami na bayan wancan. Mai kantin nan ko talabijin ba ya kallo, balle sinima. Na zari mayafi na tafi da niyyar in wanke shi tas.

Ya saki baki yana kallona. "Wallahi Malama ban gan shi ba. Yaushe ya zo?"

Na san fuskar mai ƙarya, shekara nawa ina fama da yara. Wannan ba ita ba ce. Na sayi burodin na dawo gida.

Litinin, 19 ga Mayu

Auta.

Muna cin abinci ya tambaye ta yaya jarrabawa. Ta zuba wa farantinta ido. Ya sake tambaya, da wasa, da sunan da yake tsokanarta da shi tun tana rarrafe. Shiru. Na buga tebur har cokali ya yi tsalle. Na ce ubanki ne ke magana, ba fim ba!

Sai hawaye. Ni ta kalla, ba shi ba. "Mama, don ina son sa ne. Ba ki karanta ba, ba ki san wahalar da yake sha ba in ana amsawa."

Ya ce, "Ƙyale ta, Malama, wasa ne na yara." Yana murmushi, amma ruwan da ya ɗauka zai sha rabi a rigarsa ya ƙare.

Na tsani littattafan nan. Na tsani wanda ya rubuta su, da wanda ya mayar da su fim, da ranar da daraktan nan ya ga gashinsa ya yi yawa.

Laraba, 21 ga Mayu

Na matsa masa ya kira ofishin masu fim, su fito su ce wa mutane ya isa haka. Aka ɗauka. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne. Daga can ina jin mace tana cewa, "Wa ke magana? Ba a ji. Wa ke magana?" Ta kashe. Na karɓi wayar, ita dai wannan wayar, na kira, ta ji ni sarai. Ta ce ai suna murna ƙwarai da yadda masoya suka karɓi abin. Ta ƙara da cewa a kashi na huɗu ba sai ya haddace komai ba, ba shi da magana ko ɗaya, tafiya kawai zai riƙa yi.

Matsalar layi ce. Layi yana yin haka.

Asabar, 24 ga Mayu

Na biya ta shago da rana. Jama'ar ta ragu, wai an ce yawan zuwa ma riƙewa ne. Na leƙa ta gilashi, ba kowa sai shi. Yana tsaye dab da babban madubin, yana hura masa numfashi, ya ja baya ya duba, ya goge da hannun riga, ya sake hurawa.

Ban shiga ba. 

Talata, 27 ga Mayu

Ni kaɗai na rage masa, kuma abin ya fara cin raina. Allah ya yafe min, amma a nan ne kawai zan iya faɗa. Ina kicin, "Malama?" Na'am. Shiru. Ina banɗaki, "Malama?" Na'am. Ba abin da yake so, na'am ɗin kawai yake nema. Yau ya kira ni ina tsakiyar darasi, na fita da gudu na zaci wani abu ne. Ya ce, "A'a, ba komai. Kina ji na ko?"

Ina ji. Kunnena har zafi yake yi.

Ba ya cin abincin kirki. Wandonsa na zuwa shago yanzu sai ya ƙara wa bel huji.

Alhamis, 29 ga Mayu

A tashar bas wata dattijuwa ta kama hannuna, mai tsafta, mai kamala, irin wadda za ka ba wa kujera. Ta ce ta kalli kowane kashi tare da jikokinta, littattafan ma ta karanta. Ta ce ita ma ta rasa nata mijin, ta san ba sauƙi. Na ce Baba, nawa yana nan da ransa, yanzu haka yana shago.

Ta gyaɗa kai a hankali, tana shafa bayan hannuna. "Haka take cewa ita ma a littafin. 'Yata, ke kaɗai kika rage. Ki tausaya masa."

Na fizge hannuna. Bas ta zo ta wuce ina tsaye.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na ɗauko littafi na huɗu a ɗakin Auta. Don in san abin da nake faɗa da shi ne kawai.

Ashe Mai Fitila yana da mata. Ba a taɓa nuna ta a fim ba. Gari duka ya sake shi, ita ta ƙi. Yana bin ta ɗaki zuwa ɗaki yana kira, tana amsawa, yana ramewa, ba ci ba barci, ga gada yana hange ya kasa hawa. Sai wata safiya tana shanya ya kira, ta daure ta yi shiru. Ya sauke ajiyar zuciya, ya tafi.

Na yi jifa da littafin. Sannan na ɗauko na sake karanta shafin. An iya rubutu, ba zan yi ƙarya ba. Na yi kuka, ban san ko wa nake yi wa ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Bai buɗe shago ba. Ya wuni a kujerarsa ta bakin taga. Da na miƙa masa shayi hannunsa sanyi ƙalau, ga rana kuwa ana ƙwalla ta.

Ya ce, "Malama, in kin gaji ki faɗa min."

Na ce Allah ya kiyaye, wace irin magana ce wannan. Na faɗa da ƙarfi, har Auta ta leƙo daga ɗaki. Ta kalle ni, ta kalli taga, ta koma.

Asabar, 7 ga Yuni

Na yi wanki da safe. Rana mai kyau, iska kaɗan.

Ina shanya a bayan gida na ji takunsa ya tsaya a bakin ƙofa. "Malama?" Abin maƙale kaya ne a bakina, hannuwana biyu riƙe da zanen gado jiƙaƙƙe, da me zan amsa? Ya sake kira, a hankali. Na ce bari in gama wannan ɗayan. Na gama, na ɗauko wani. Sai na ji ya sauke numfashi, dogo, irin wanda ban ji ya yi ba tun kafin fim ɗin nan. Takun ya koma ciki.

Ba wani abu ba ne. Bakina ne a cike.

Gidan ya yi tsit, har tsuntsaye na ji. Na gama makin jarrabawa duka a zama ɗaya. Auta ta zo ta rungume ni ta baya, muka ci abincin rana mu biyu. Faranti biyu na ɗauko, na ukun yana can ƙasa, kuma ai ba ya ci. Kyandir ɗin ƙofa ban share ba, bayana ke ciwo.

Yanzu la'asar. Ina jin kujerar bakin taga tana ɗan ƙara, don haka yana nan. Ɗazu kamar ya buɗe baki, amma rubutu nake yi, ban ɗaga kai ba. Bai kira ba tun safe. Ya fi samun natsuwa haka, ko Auta ta lura.

Gobe zan amsa. Yau dai a bar shi ya huta.